Fenti bai kashe allura ba: martani daga wani maɗinki a Agege

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi gyara a kan rahoton da kuka buga ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah. Wakilinku ya zaga shagunan teloli a nan Legas, ya koma da labarin cewa ɗinkin hannu ya mutu, wai inji da fentin da ake yi wa tufafi zane da shi ne suka haɗa kai suka kashe shi. Yaron shagona ne ya karanta mini a waya, don idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, na kuma sa ya maimaita wurin sau biyu. Wakilin naku ya yi ƙoƙari, ban ce ya shirya ƙarya ba, amma ya yi kuɗin goro. Inji daban, fenti daban. Na fi shekara 40 da allura a hannu, kuma yau a shagona akwai kwalaben fenti jere kusa da ƙullin zare, saboda haka ina ganin ina da bakin magana.

Ni mutumin birnin Zariya ne, a zauren mahaifina na koyi sana'ar, Allah Ya jiƙansa, tun ina zuwa makarantar allo. A zamanin babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Masaƙi ya saƙo zugu, in mai shuni ce ta biya ta marina, tela ya harhaɗa, sannan a kai wa mai zane. Mai zanen da mahaifina yake kai wa aiki malami ne, almajiransa na karatu a gefe shi kuma yana duƙe a kan aljihun riga da alƙalamin kara da tawada, irin wadda muke rubutu da ita a allo. Ba ya awo da komai sai ido da ɗan yatsa. Ka ga askake suna saukowa daga wuya, ka ga tambari ya nannaɗe kamar dodon koɗi, ga gidan biyar, ga dagi, duk kafin shayinsa ya huce. Mu masu allura sawunsa kawai muke bi, mu rufe tawadar da zare. In an gama a kai wa masu bugu su fito da ƙyallinta. Zaren da ake ji da shi a lokacin shi ne tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen tsamiya, a dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa a mazari. Aska takwas mai cikakken aiki takan ci wata 3 ko 4 a hannun mutum ɗaya. Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe abu guda: hannun farko da ke yi wa riga ado a garinmu ba allura yake riƙe da ita ba, ruwan tawada yake ja a kan yadi.

Na sauka Ikko a 1997, na biyo ƙanen mahaifina da ke fataucin goro a Agege. A nan na tarar cewa rabin masu kawo mini aiki Yarbawa ne. Agbadarsu da babbar rigarmu 'yan ɗaki ɗaya ne. Abin da muke ce wa tsamiya su sanyan suke kira, saƙi kuma etu, alharini alari. Bayerabe mai shirin biki in ya ga hannunka ya faɗa, ba ya yawan ja-in-ja a kan kuɗi. Namu ne, Allah Ya yafe mana, za ka yi wata biyu kana tsiyaye idonka a kan wuyan rigarsa, ya zo karɓa ya taya ka kamar mai sayen tumatir da yamma a Mile 12.

Inda wakilinku ya yi gaskiya shi ne batun inji. Keken tinko ya fara rage mana aiki, daga baya injin kwamfuta da ake kira monogiram ya zo ya kwashe mafi yawan abin da ya saura. Abin da zan yi a mako 6, shi kafin la'asar ya gama, ya kuma yi goma irinsa ba tare da ya kauce ko da tsinin allura ba. Ba na fushi da shi. Magidancin da ke da 'ya'ya maza 5 da zai yi wa ɗinkin Sallah ba zai zo wurina ba, ni ma in ni ne ba zan zo ba. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta bi ta faɗi, shadda ta yi tashin gwauron zabi, musamman Getzner da ake kawowa daga Ostiriya. Mutum in ya gama biyan kuɗin yadi, abin da ya rage a aljihunsa bai kai na allura ba. Wannan shi ne ciwonmu, kuma fenti ba shi da hannu a ciki.

Yadda fenti ya shigo gidana kuwa, ba da son raina ba ne. 'Yata ta uku tana yi wa amare lalle, tun daga nan Agege har Idi-Araba ana kiran ta. A 2021 ta dawo daga kasuwar Tejuosho da ke Yaba da wasu 'yan kwalabe da burushi sirara guda uku, ta shimfiɗa wani tsohon mayafin uwarta ta zana masa irin furannin da take yi a bayan hannu. Ta kawo mini tana murna, ta ce, "Baba, in ka zagaye mini bakinsa da zare zai fi kyau." Ko karɓa ban yi ba. Na ce mata wannan wasan 'yan makarantar boko ne, kada in ƙara ganinsa kusa da kayan aikina. Da dare uwargida ta kawo mini abinci, ta zauna, ta nuna allon saukata da ke rataye a bango tun daga Zariya, ta ce, "Malam, wannan zayyanar da ke jikinsa, ja da kore da rawaya, da allura aka yi ta?" Ban ba ta amsa ba, na ci tuwona. Amma maganar ta kwana da ni, har ta tuno mini da malamin nan mai zane da alƙalaminsa. Maƙwabciyarmu kuma, wata dattijuwa 'yar Abeokuta, da ta ga mayafin sai ta ce ai a garinsu tun kaka da kakanni mata ke zana adire da kunun rogo da gashin kaza kafin a tsoma a baba. Ashe ni ne baƙon abin.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, aikinmu na farko na kuɗi kunya ya jawo mana. Wata Alhaja ta kawo farar shadda mai tsada, tana son furanni ruwan zinari a gaba da bakin hannu, za ta sa ranar sunan jikanta. Watan Yuni ne, ruwa ba dare ba rana. Yarinyar ta zana a kan shaddar yadda ta zo daga kanti, ta kuma lafta fentin da kauri don ya fito sosai, ni na bi gefe da zare. Washegari da muka taɓa muka ji kamar ya bushe, muka ninke muka ba ta. Bayan mako biyu sai ga Alhaja da rigar a leda. Wanki ɗaya aka yi mata, furannin suka ɗaɗɗago kamar saɓar maciji, wani wurin kuma inda aka ninke ya manne da ɗan'uwansa ya bar tabo. Zarena kaɗai ya rage yana zagaye da wurin da babu komai. Ta yi faɗa da Yarbanci, ta yi da Turanci, ta ƙarasa da 'yar Hausar da take ji, kuma duk da gaskiyarta. Na biya kuɗin shaddar a kashi uku.

Wannan asarar ce ta zama makarantarmu. Ƙyallin da ke jikin sabuwar shadda wani shafi ne da aka yi mata aka daddanne, to fentin a kan shafin yake zama, bai kai ga zaren yadin ba, ranar da ruwa ya tafi da shafin sai ya tafi da fentin. Dole a wanke yadi tukuna ya bushe. Amma wanki yana rage wa shadda ƙyalli, shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo ta sai mu faɗa masa tun farko ya zaɓa, ko ƙyalli ko zane. Yadin da ya fi karɓar fenti shi ne auduga zalla, da lilin, da jins, da saƙar hannu. Mayafin roba mai santsi kuwa, kana ɗiga masa launi zai bazu kamar an zuba manja a ruwan zafi, sai mai haƙuri ƙwarai. Ana cusa kwali a cikin rigar don kada launin ya ratsa zuwa baya. Shafi siriri sau 2 ya fi mai kauri sau 1, domin mai kauri shi ne yake tsattsagewa in yadi ya motsa. Kuma fentin yadi ake nema, wanda aka yi don haka, yana da wani danƙo a cikinsa da zafi ke sa ya kama zare. Na ga yara suna ɗebo ragowar fentin mai na ƙofa suna shafa wa riga, ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, ga wari.

Sai shanya, wadda ita ce ta kayar da mu. A jikin kwalba za ka ga an ce a bar shi awa 24. Wanda ya rubuta haka bai san damunar Legas ba. A hunturun Zariya kafin ka juya ya bushe, amma nan laima ce a cikin iskar kanta, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ma funfuna yake yi. Mu kwana 2 zuwa 3 muke ba shi, a shimfiɗe, in da wuta a sa masa fanka. Bayan nan a juya rigar ta bai, a ɗora wani ƙyalle, a danna dutsen guga mai zafi minti 3 zuwa 5 a kowane wuri, ba yayyafa ruwa. Dutsen gawayi yana yi sarai, ya ma fi mana, tunda shi ba a ɗauke masa wuta ana tsakiyar aiki. Wanki kuma sai bayan 'yan kwanaki, da ruwan sanyi, a juye, ba bilic, ba dirza da burushi. Wannan na ƙarshen mukan ce wa mai kaya ya maimaita wa mai wankinsa baki da baki, don 'yan'uwanmu masu wanki da guga ƙarfinsu a dirza yake.

Ta ɓangarena ni ma na koyi abu. Fenti ake fara yi, allura ta biyo baya. Allura ba ta son ratsa fentin da ya bushe, in ka tilasta mata sai ta bar huda da ba ta rufewa, don haka a gaɓar da launi ya ƙare nake sa ta, rabi a kan zanen rabi a kan yadi. Jan zare da baƙi kuwa sai na jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi na matse a farin ƙyalle, in ya zuba na mayar wa mai shi.

Aikin da ya sa na daina jin kunyar abin shi ne wani yadi mai shuni da ƙanena ya aiko mini daga marinar Ƙofar Mata a Kano. Mun yi ta ɗauraye shi har ruwan ya kusa yin fari. Yarinyar ta zana reshen zogale da farin fenti daga kafaɗa ya gangaro zuwa ƙugu, ganyayyakin ƙanana kamar ƙumbar jariri, sai da ta maimaita sau biyu kafin farin ya rinjayi shunin. Ni kuma na bi karan reshen da ɗinkin sarƙa, na zaɓi ganye ɗaya cikin kowane biyar na huda tsakiyarsa da tsinke na zagaye hudar da zare, irin ƙananan idanun nan da muke cika aljihun babbar riga da su. In ka tsaya nesa zane kake gani, in ka matso ka shafa sai yatsanka ya ji tudun zare. Da zare zalla zan cike wannan reshe, da sai na yi wata biyu, kuma ba mai iya saye. Kwana 6 muka yi har da shanya. Wata malamar makaranta daga Ikeja ta saya, ta sa hotonta a Instagram, daga nan waya ta fara ƙara. Sharaɗi ɗaya na kafa tun ranar, har yau kuma yana nan: fure da ganye da dagi da duk irin zanen da ake yi a bangon gidajen Zazzau, bismilla, amma ba a zana mai rai a shagona.

Ga abin da ya fi sa ni rubuto wannan wasiƙa. Ranar 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara wasu. Samarinmu da yawa suka wayi gari ba abin yi. Uku daga cikinsu suka zo wurina neman koyon sana'a. To allura ba ta ciyar da mai koyo. Sai yaro ya yi wata 6 yana ɓata ƙyalle kafin in yarda in damƙa masa wuyan rigar mutane. A Zariya wannan ba matsala ba ce, zauren na ubanka ne, tuwo yana fitowa daga cikin gida. A Legas ko tabarmar da za ka kwanta a kai biya ake yi. Da allura kaɗai zan ba su, da ba wanda zai kai Juma'a ta uku. Ƙanin yarinyar, wanda ya koya a wurinta, shi ya zauna da su ya nuna musu riƙon burushi. Cikin 'yan makonni suka fara zana jakunkunan yadi da rigunan yara da jaket ɗin jins, suna samun na abinci da na kati. Da yamma kuma in miƙa wa kowa allura in ce zagaye abin da ka zana da safe. Ɗaya ya gaji ya koma dako a kasuwa, Allah Ya ba shi sa'a. Biyu suna nan. Babban cikinsu, ɗan wajen Haɗejia, a azumin da ya wuce ya gama aska biyu ta farko da hannunsa, tun daga zanen tawada har ƙullin ƙarshe. Askar hagu ta ɗan fi ta dama ƙiba, na nuna masa, amma ban sa ya warware ba.

Kada a ɗauka na sallama komai. Babbar riga ba ta shan fenti a wurina. Wani ango ya zo yana son a zana masa aska takwas da fenti ruwan madara, wai a hoto ba mai ganewa. Na ce masa, "Ɗana, askar fenti ba ta aski." Ɗinkin nan da ke wuya da bakin aljihu ba ado kaɗai ba ne, shi ke riƙe rigar kada ta yage inda nauyinta yake rataye, shi ke ba ta tsayuwa in mutum ya naɗe hannuwanta a kafaɗa. Na tura shi wurin mai monogiram, don gara inji na gaskiya da hannu na ƙarya.

Ƙaryar ce ma ya kamata wakilinku ya bincika. Ana sayar da aikin inji da sunan na hannu, ana sayar da bugun Shomolu, inda ake buga riga ɗari da zane ɗaya, da sunan zanen burushi. Ganewa ba wuya. Juya rigar ka dubi bayanta. Aikin inji za ka ga zaren ƙasa ya bi layi ɗaya sak, sau da yawa da ragowar farar takardar da ake manna masa. Na hannu za ka ga ƙulli nan da can, da inda zare ya ƙare aka sa wani, taku kuma ba ya zama daidai da ɗan'uwansa ɗari bisa ɗari. Zanen burushi in ka haɗa hannun dama da na hagu za ka samu bambanci, za ka kuma ga sawun gashin burushin in ka karkata shi ga haske. Akwai kuma wata ƙaryar da ta fi ci mini rai. Wani kanti a Lekki ya karɓi riguna 12 a wurinmu, aka biya mu lafiya, ban ce an cuce mu a ciniki ba. Bayan wata guda yarinyar ta nuna mini su a wayarta, an liƙa musu sunan kantin, an rubuta wai ma'aikatansu ne suka yi a ɗakin ɗinkinsu, kuɗin kuwa ya ninka namu sau shida. Ribarsu halal ɗinsu ce, hayar Lekki ba ta Agege ba ce. Amma reshen zogalen nan na san daren da aka zana shi da fitilar caji. Tun 2011 ake yin makon nuna kayan sawa na Legas, masu tsara tufafi suna ta neman adire da aso-oke da duk abin da hannu ya taɓa, kasuwa tana nan. Sunan mai hannun ne ba ya ƙetare gada.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka sake turo wakilin nan. Kada ya zo ana jibi Sallah, lokacin da kowane shago inji ne ke kuka kuma ba mai sauraron baƙo. Ya zo da hantsi ranar Talata ko Laraba, ya sauka a Pen Cinema ya tambayi inda masu ɗinkin hannu suke zama a Zango, ba mu da yawa amma an san mu. Zan ba shi kujera da shayi, ya ga yaran nan biyu, ya juya riguna ya dubi bayansu da kansa. Akwai aska takwas a kan saƙi da nake yi wa wani dattijo na Idi-Araba, na fara ta bayan Ƙaramar Sallah, saura tambarin baya da rabin aljihu. In Allah Ya yarda kafin Maulidi zan gama, kuma mai ita ya ce ranar da na cire allura ranar zai aiko a ɗauka, don haka ya yi ƙoƙari ya riga ɗan aiken zuwa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗinkin hannu,
Zango, Agege, Legas.